JIRGIN DA AKE ƊAUKA A AKWATI: BAYANIN TSARAWA DA ƘERA ƘARAMIN JIRGIN SAMA MAI AIKI DA BATIR DA REDIYO

1.0 GABATARWA

A watan Nuwamba na 1925 ne jiragen sama guda uku na sojan Ingila, waɗanda suka taso daga ƙasar Masar, suka sauka a Kano. Hausawa ba su sha wata wahala ba wajen raɗa wa baƙon abin suna. Kalmar *jirgi*, wadda asalinta na kan ruwa ne, ta riga ta bar kogi ta zama jirgin ƙasa tun lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, saboda haka sai aka ƙara mata *sama*, aka wuce wurin. *Tuƙi* da *matuƙi* su ma suka biyo ta. Amma fa kiran sunan abu daban, bayanin yadda yake aiki daban. Har yanzu akan ji masu cewa iyakar Hausa ta kira sunan jirgi, ba ta iya shiga cikinsa ta faɗi abin da ke riƙe shi a sama. Jayayya irin wannan musu ba ya kashe ta, sai gwaji.

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake tsarawa da ƙera wani ƙaramin jirgin sama mai aiki da batir, wanda ake sarrafa shi daga ƙasa ta hanyar rediyo, wanda kuma aka yi shi musamman don a rarraba shi a sa a akwatin tafiya, in an isa masauki a harhaɗa shi a tayar da shi. An zaɓe shi ne domin ƙa'idojin da ke riƙe babban jirgin fasinja a sama su ne ke riƙe shi, ga shi kuma ana iya ɗaukarsa a hannu a jujjuya shi a duba.

Tun daga sunansa akwai magana. In an ce *jirgin wasa*, an raina shi, don kuwa abin da ke gudun kilomita 60 a awa, da farfela mai yanka yatsa, ya wuce wasan yara. In an ce *jirgi maras matuƙi*, kamar yadda gidajen rediyo kan fassara, an yi kuskure biyu: na farko yana da matuƙi, a ƙasa dai yake tsaye, na biyu kuma wannan suna ya riga ya shaƙu da labarin yaƙi da leƙen asiri, har ma faɗinsa a gaban jami'in kwastan na iya jawo wa matafiyi tambayoyin da bai shirya musu ba. *Ɗan jirgi* kuwa na iya nufin mutumin da ke aiki a jirgi. Don haka a nan *ƙaramin jirgi* za a riƙa cewa.

2.0 TAƘAITACCEN TARIHI

Ƙananan jirage sun girmi manya. A 1871 wani Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya tayar da wani ƙaramin jirgi a wani lambu a birnin Paris, wanda murɗaɗɗiyar roba ke juya farfelarsa, ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11. A 1878 mahaifin Wilbur da Orville Wright ya kawo musu tsarabar wani abin wasa mai tashi da aka yi bisa dabarar Pénaud, su ne kuwa suka tayar da jirgi mai inji ɗauke da mutum a 1903. Ta fuskar rediyo, Nikola Tesla ya nuna ƙaramin jirgin ruwa da ake juyawa daga nesa a New York a 1898, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1930 wasu tagwaye a Amurka, Walter da William Good, suka yi fice wajen tuƙa ƙaramin jirgin sama da rediyo. A 1957 Kanar H. J. Taplin ya haɗa rediyon da injin lantarki a Ingila, daga baya kuma Fred Militky na kamfanin Graupner a Jamus ya yi aiki mai yawa a wannan fage.

Duk da haka, har ƙarshen ƙarni na 20 jirgi mai shan mai ne ke da rinjaye, domin batir na nikel da kadmiyam yana da nauyi ƙwarai, kuma 'yan mintoci kaɗan yake yi ya ƙare. Abubuwa uku ne suka sauya al'amarin. Na ɗaya, batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, wanda kuma nau'insa mai laushin jaka ya yaɗu tsakanin masu ƙananan jirage a farkon shekarun 2000; a nauyi ɗaya yana riƙe wuta kamar ninki uku na tsohon. Na biyu, injin lantarki maras buroshi. Na uku, komawar rediyon sarrafawa kan zangon gigahaz 2.4 a tsakiyar shekarun 2000.

Muhimmancin waɗannan ga matafiyi a fili yake. Ba a yarda fasinja ya shiga jirgi da man inji ba. Haka nan kuma a da kowace ƙasa da zangonta: Amurka na amfani da megahaz 72, yawancin ƙasashen Turai megahaz 35, ta yadda rediyon da ya halatta a nan ya haramta a can. Bugu da ƙari, in mutum biyu suka kunna a tasha ɗaya, jiragensu duka na iya faɗuwa. Sabon zangon ya kawar da yawancin wannan wahala, domin kusan ko'ina an yarda da shi, kuma kowace na'ura tana gane abokiyar aikinta kaɗai.

Ya kamata a bambanta jirgin da ake tafiya da shi da jirgin da ke tafiya da kansa. A watan Agusta na 2003 wani ƙaramin jirgi da nauyinsa bai kai kilo 5 ba, wanda wani dattijo Ba'amurke mai shekara 77, Maynard Hill, ya ƙera, ya ƙetare Tekun Atlantika daga gaɓar Kanada zuwa Ayalan, tafiyar kimanin kilomita 3,000 cikin kusan awa 39. Wancan mai yake sha, kuma shi ya kai kansa. Na wannan maƙala kuwa kai shi ake yi.

3.0 ABIN DA KE RIƘE JIRGI A SAMA

Ƙarfi huɗu ne ke ja-in-ja a kan kowane jirgi: *nauyi* na jan sa ƙasa, *ɗagawa* na tura shi sama, *ingiza* ta farfela na kai shi gaba, *turjiya* ta iska na mai da shi baya. Wanda ya taɓa ɗaukar fallen kwano a ka ranar da ake iska ya san ɗagawa, ko da bai san sunanta ba. Muddin gaban fallen ya ɗan ɗaga, sai iska ta nemi ƙwace shi zuwa sama. Haka fiffike yake: yana ratsa iska da ɗan karkace, yana tanƙwara ta zuwa ƙasa, matsinta a bayansa ya ragu, a cikinsa ya ƙaru, sai ya tashi.

Ɗagawa na ƙaruwa da faɗin fiffike, da kaurin iska, da kuma gudu. Na gudun ne ya fi ban mamaki, domin in gudu ya ninka biyu, ɗagawa ninka huɗu take yi. Tana kuma ƙaruwa da karkacewar fiffike, amma da iyaka. In karkacewar ta wuce digiri 12 zuwa 15, iska ta daina bin bayan fiffiken lafiya, ta yamutse, ɗagawa ta zube nan take, jirgi ya sunkuyar da kai ya yo ƙasa. Wannan hali an ga ya dace a kira shi *sarewa*, watau a ce fiffike ya sare, kamar yadda ake faɗi ga gwiwar wanda ƙarfinsa ya ƙare farat ɗaya. Fassara shi da *mutuwar inji* kuskure ne babba, domin fiffike na iya sarewa inji na tsakiyar kuka, kuma inji na iya mutuwa jirgi ya ci gaba da jewa irin ta shirwa har ya sauka lafiya.

4.0 AKWATI KAFIN JIRGI

Mai ƙera jirgi na gida yakan fara da tambayar irin tashin da yake so. Mai ƙera na tafiya da awon akwati yake farawa. Yawancin kamfanonin jirage suna karɓar akwatin da jimillar tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa ba ta wuce santimita 158 ba, nauyinsa kuma kilo 23. Tsawon cikin irin wannan akwati yakan kai santimita 65, ke nan babu wani sashe na jirgin da zai wuce santimita 60, don a bar wurin abin tallafi.

A ɗauki misali da fiffike mai tsawon santimita 120 daga baki zuwa baki, da faɗin santimita 20. Shimfiɗarsa ta zama murabba'in santimita 2,400. In nauyin jirgin duka giram 900 ne, kowane murabba'in santimita 100 na ɗauke da giram 37.5. Wannan adadi, wanda za a iya kira *kayan fiffike*, shi ne ke faɗin halin jirgin tun ba a yanka katako ba. Da shi ake lissafa cewa fiffiken zai sare in gudu ya yi ƙasa da kimanin kilomita 28 a awa, gudun da mai keke ke iya yi. In aka ƙara nauyi, sai gudun sauka ya ƙaru, filin da ake bukata ya ƙara tsawo, ɓarnar faɗuwa kuma ta ƙaru. Matafiyi kuwa bai san irin filin da zai tarar ba.

4.1 Fiffike da Mahaɗarsa

A nan ne ainihin wahalar take. Abu mafi sauƙi shi ne a raba fiffiken biyu, kowane santimita 60, a haɗa su a tsakiya. To amma tsakiyar nan ita ce inda duk wahalar fiffike ke taruwa. Iska na ɗaga ɓangarorin biyu sama, gangar jiki na danna tsakiya ƙasa, kamar yadda sandar ɗan garuwa ke lanƙwasa a daidai kafaɗarsa. Kuma nauyin da fiffike ke ji ba ya tsayawa a giram 900. In jirgi ya kwanta digiri 60 yana kwana, nauyin ninka biyu yake yi. In ya sulalo da gudu aka fizgo shi sama, yana iya ninka huɗu, watau kilo 3.6. Yanka fiffike a tsakiya yanka shi ne a inda ya fi bukatar ƙarfi.

Masu yin haka sukan binne bututu a cikin kowane ɓangare, su zura sandar zaren kabon mai kaurin milimita 8 wadda za ta shiga santimita 10 zuwa 12 ta kowane gefe, sa'an nan su kafa wani ɗan tsinke a baya don kada ɓangaren ya juya a kan sandar. Dabarar tana aiki, sai dai galibi ba sandar ce ke karyewa ba. Inda bututun ya ƙare a cikin fiffike, nan ne kan tsage, domin ƙarfi ya yanke a wurin gaba ɗaya. Dole ne a manne bututun da ƙashin bayan fiffiken, watau dogon katakon da ya ratsa shi daga tushe zuwa baki, don nauyi ya bi ta nan ya watsu.

Hanyar da ta fi ita ce a raba shi uku: tsakiya mai santimita 60 a ɗinke, da bakuna biyu masu santimita 30 kowane. Ƙarfin lanƙwasa a rabin hanya zuwa baki kimanin rubu'in na tushe ne kawai, saboda haka ɗan ƙarfe siriri ya isa ya riƙe mahaɗar. Akwai kuma riba ta biyu. Jirgin da bakunan fiffikensa suka ɗan ɗaga sama yakan daidaita kansa in iska ta karkatar da shi, domin yayin da ya zame gefe, ɓangaren da ya yi ƙasa ya fi samun ɗagawa. Sandar kabon ba ta tanƙwaruwa, amma ƙarfen mahaɗar baki ana iya tanƙwara shi ta yadda kowane baki zai ɗaga da kimanin santimita 5. An ƙara mahaɗa ɗaya, gaskiya ne, amma an sami fiffike mafi ƙarfi da jirgi mai sauƙin hali.

Ɗaure fiffike a gangar jiki kuma da zoben roba ake yi, irin na ɗaure kuɗi amma mai kauri, ko da noti na roba. Da gangan ake zaɓen abu mai rauni. Faɗuwa ba makawa ce, mai tsara jirgi kuwa shi ke zaɓen abin da zai karye ranar da ta zo. Gara zoben da ake sauyawa cikin minti ɗaya da fiffiken da aka yi mako ana ƙerawa.

4.2 Gangar Jiki da Jela

Tsawon jiki yakan kai kashi uku cikin huɗu na tsawon fiffike, watau santimita 90 a wannan misali. Ana yin gaba kamar ƙaramin kwale-kwale mai santimita 40, wanda zai ɗauki inji da batir, sa'an nan a zura masa bututun kabon mai santimita 55 a matsayin jela. A ƙarshen bututun akwai fale-fale biyu, kwantacce da tsayayye. Shimfiɗar kwantaccen takan kai kashi ɗaya cikin biyar na fiffike, misali santimita 40 da 12, ta tsayayyen kuma wajen rabin haka. Kowannensu na da *leɓe* mai motsi a bayansa: na kwantacce shi ne *linzamin sama da ƙasa*, na tsayayye *linzamin hagu da dama*. Wasu jirage na da leɓuna a fiffike don kwantar da jirgi, amma kowane leɓe na bukatar wayarsa, kowace waya kuma wuri ne na mantuwa ga wanda ke harhaɗa jirgi cikin gajiyar tafiya. Ga jirgi irin wannan linzami biyu da maƙurar inji sun wadatar. Tayoyi ma ba dole ba ne. Da hannu ake wurga shi, da ciki yake sauka a kan ciyawa, farfelarsa kuma irin mai naɗewa ce in inji ya tsaya.

4.3 Cibiyar Nauyi

Cibiyar nauyi ita ce wurin da in an tallafi jirgi da yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike zai tsaya daidai, bai rinjaya gaba ko baya ba. Ya kamata ta faɗo tsakanin rubu'i da sulusin faɗin fiffike daga gabansa, watau santimita 5 zuwa 6.5 a nan. In ta yi gaba da yawa jirgi ya yi nauyin kai, ya ƙi ɗagowa wajen sauka. In ta yi baya, ya zama dokin da ba ya jin linzami, kuma da wuya ya kai minti ɗaya a sama. Abin lura shi ne mahaɗan jela suna ƙara nauyi a inda ya fi tsada. Giram 10 a nisan santimita 60 bayan cibiya sai an biya shi da giram 30 a nisan santimita 20 gabanta. Don haka akan bar wa batir doguwar shimfiɗa a gaba, a riƙa matsar da shi har a sami daidaito, sa'an nan a ja layi a wurin.

5.0 INJI DA BATIR DA REDIYO

Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka saba bi ita ce wat 150 ga kowane kilo ya isa jirgi ya hau sama ba da wahala ba. Na wannan misali na bukatar kimanin wat 140. Tsohon injin lantarki yana da buroshi na gawayi masu gogar sashen da ke juyawa, irin waɗanda masu gyaran janareta suka sani, suna cinyewa kuma suna ɓarnar wuta. A sabon, naɗin waya a tsaye yake, maganaɗisu ne ke juyawa, wata na'ura kuma, *madaidaiciyar gudu*, ita ke raba wuta ga wayoyi uku bi da bi. In aka ga inji na juyawa baya, sai a musanya biyu daga cikin ukun. A jikin inji akan rubuta adadin juyin da yake yi a minti ga kowane bolt in ba a ɗaura masa farfela ba; mai 1,000 a kan bolt 11.1 zai yi juyi 11,100. Irin wannan ya dace da farfela mai inci 9 ko 10.

Kowace ƙwayar batirin litiyam bolt 3.7 take bayarwa, takan kai 4.2 in ta cika, kuma tana lalacewa in aka zuƙe ta ƙasa da 3.0. Ƙwaya uku a jere su ne bolt 11.1. Batir mai amfiya-awa 2.2 nauyinsa wajen giram 180 ne, wutar da ke cikinsa kuma 11.1 sau 2.2, watau wat-awa 24.4. A cikakken gudu injin zai ja kusan amfiya 13, don haka madaidaiciya mai ɗaukar 20 ta isa. A tafiyar hankali amfiya 6 yake ja. In aka yi amfani da kashi 80 cikin 100 na batirin aka bar saura, za a sami tashin minti 17.

Rediyon kashi biyu ne: *mai aikawa* a hannun matuƙi, wanda jama'a za su kira rimot, da *mai karɓa* a cikin jirgi, wanda masu haɗa tauraron ɗan Adam suka riga suka raɗa wa irinsa risiba. Mai karɓa na miƙa umarni ga wasu ƙananan injina masu giram 9, su kuma su ja linzami. Sunan wannan ƙaramin inji a Turance in aka Hausantar da shi kai tsaye *sabo* zai zama, ya yi karo da sabo kishiyar tsoho, har a wayi gari ana cewa a sayo sabon sabo. *Majayin linzami* ya fi, ko da ya fi tsawo. Umarnin da yake karɓa bugun wuta ne wajen sau 50 a daƙiƙa, kuma tsawon bugun ne saƙon: kashi 1.5 cikin 1,000 na daƙiƙa na nufin tsakiya, 1 ƙarshen wannan gefe, 2 ƙarshen wancan. Zaren kabon yana tare saƙon rediyo, don haka ba a kwantar da eriya a jikinsa. Wajibi ne kuma a saita mai karɓa ya kashe inji da kansa in saƙo ya yanke.

6.0 KAYAN ƘIRA

Katakon da aka fi sani a wannan aiki shi ne balsa, wanda yawancinsa daga ƙasar Ekwado yake fitowa, nauyinsa kuwa wajen kashi ɗaya cikin shida na nauyin ruwa. A wurin masana tsirrai ɗan'uwan rimi ne da kuka. Da shi ake yanka haƙarƙarin fiffike, a jera su a kan ƙashin baya, a goge da samfefa, a lulluɓe da wata leda mai tsukewa in an bi ta da dutsen guga. Yaron da ya taɓa fere kara ya soka siraran ɓawonsa a totuwa ya yi mota ya riga ya san tushen wannan gini, watau ƙashi mai tauri da ciko maras nauyi.

Sai dai balsa ba ta son akwati. Jirgin tafiya ya fi shan wuya a hannun masu lodi da bayan mota a kan yadda yake sha a sama. Saboda haka da yawa sun koma ga busasshen soso, dangin wanda ake tallafe firji da shi a kwali, musamman nau'in da ke lotsawa ya dawo. A yi hattara da gam, domin sufagulu da gam mai warin fetur suna narkar da farin soson nan na kwali. Gam mai haɗi biyu shi ya dace da mahaɗai, amma kaɗan, don yana da nauyi. Kayan wuta duka sun kai giram 330, saura 570 ke nan ga jiki da fiffike da jela. Mai ƙira na gaskiya da sikeli a gefensa yake aiki.

7.0 TAFIYA DA SHI

Batirin litiyam in ya huje, ko wayoyinsa suka haɗu, ko aka cika shi fiye da kima, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Shi ya sa ƙa'idar sufurin sama ta duniya ta hana sa batirin da ba ya jikin na'ura a akwatin da za a loda a cikin jirgi. A jakar hannu ake riƙe shi, inda za a ga hayaƙi in ya tashi, kuma a rufe bakin wayoyinsa. Wanda bai wuce wat-awa 100 ba ba ya bukatar izini na musamman. Daga 100 zuwa 160 sai da yardar kamfanin jirgi, kuma guda biyu kawai. Na wannan misali mai 24.4 yana ƙasa da iyaka sosai. Ana tafiya da shi da rabin caji, wajen bolt 3.8 a ƙwaya, ba a kuma barin sa a motar da ke tsaye a rana. Wuƙa da sukundireba kuwa akasin haka ne, a babban akwati suke tafiya.

Sai dokar ƙasar da za a je. A 2015 Amurka ta wajabta rajistar irin waɗannan jirage daga giram 250 zuwa sama, a shekarar kuma Maroko ta hana shigo da jirage masu tashi ba mutum a ciki sai da izini. A Nijeriya, a 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta sanar da cewa ba a tayar da su sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Dokokin nan suna sauyawa, don haka kafin a ɗaure kaya ake tambaya. Ƙasashe da yawa sun tsayar da mita 120 a matsayin iyakar hawa, ko'ina kuma ana nisantar filin jirgin sama da barikin soja da taron jama'a.

Iskar masauki ma ba lallai ta zama irin ta gida ba. A tudu mai tsayin mita 1,200, kamar na Jos, kaurin iska ya ragu da kimanin kashi 11 cikin 100 a kan na bakin teku, gudun sarewa kuma ya ƙaru da kashi 6. Zafi ma haka yake yi, domin iska mai digiri 40 ta fi mai digiri 15 sirantaka da kashi 8. Jirgin da ke tashi da ƙyar a Legas da safe yana iya ƙin tashi a Sakkwato da azahar ɗin bazara.

Bayan kowace harhaɗawa sai a sake auna cibiyar nauyi, a girgiza kowace mahaɗa, a ja baya da mai aikawa a ga ko saƙo na isa, a kuma tabbatar kowane linzami na motsawa ta inda aka nufa. Sa'an nan a fuskanci iska a wurga shi a miƙe, ba sama ba.

Wahalar ƙarshe ta harshe ce, kuma masu nazarin kalmomin nuni za su gane ta da wuri. Hagu da dama ba su da mazauni sai an san na wane ne. Muddin jirgi na tafiya gaba ya ba matuƙi baya, hagunsu ɗaya ne. Da zarar ya juyo ya fuskance shi, hagun jirgi ya koma daman matuƙi, rimot kuwa hagun jirgi kaɗai ya sani. A nan ne yawancin masu koyo ke kayar da jirginsu na farko: suna ganin ya karkata, su tura sanda ta inda ido ya ce, su ƙara masa karkata. Mai koyarwa da ke tsaye a gefe yana ihun “hagu, hagu” bai taimaka ba, tunda bai faɗi hagun wa ba. Dabarar da aka saba ba mai koyo ita ce, in jirgi na tahowa, ya manta da kalmomin biyu, ya tura sandar ta gefen fiffiken da ya yi ƙasa, kamar mai tokare shi da ita. Wasu kuma sukan juya wa jirgin kafaɗa su riƙa kallonsa ta gefe, don jikinsu da nasa su fuskanci wuri ɗaya har ya sauka.